Neman kuɗin rainon yara da albashin masu raino: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin iyaye, ma'aikatan raino da masu gidajen raino idan an zauna kan yadda za a sa hukuma ta zuba kuɗi a kula da ƙananan yara. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa na aiki.

Me ake nufi da fafutuka daga tushe a wannan fanni?

Ana nufin mutanen da abin ya shafa kai tsaye su haɗa kai su nemi canji da bakinsu: uwar da ke kai jaririnta kafin ta wuce wurin aiki, ma'aikaciyar da ke karɓar jaririn, da mai gidan da ke lissafin albashi a ƙarshen wata. Masana da manyan ƙungiyoyi suna da amfani wajen alƙaluma da rubuta daftarin doka, amma ɗan siyasa ya fi jin maganar wanda ke jefa ƙuri'a a mazaɓarsa. Abin da ake nema yawanci uku ne: raino ya yi sauƙin kuɗi ga iyaye, a samu gurbi ga kowane yaro, kuma mai raino ta samu albashin da zai riƙe ta a sana'ar.

Iyaye na kukan tsada, masu raino na kukan ƙarancin albashi. To ina kuɗin ke tafiya?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya iya amsawa ba tare da duba takarda ba, domin duk sauran hujjoji a kanta suke. Raino aiki ne na hannu da ido, kuma ba ya raguwa da inji. Malamin firamare zai iya tsayawa gaban yara talatin, amma mutum ɗaya ba zai iya kula da jarirai goma ba. A Ingila, alal misali, ƙa'ida ita ce babba ɗaya ga yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu.

Ga lissafi na misali. Ɗaki mai jarirai 9 yana buƙatar manya 3 a kowane lokaci. Idan gidan na buɗe awa 10 a rana, ana buƙatar awa 30 na aiki. Ma'aikaciya ɗaya tana yin awa 8, ke nan sai an ɗauki mutum 4, tun ba a yi maganar hutu da rashin lafiya ba. Iyalai 9 ne za su biya albashi 4. Sannan ga haya, abinci, wuta, ruwa, kayan wasa, inshora da gyare-gyare. Idan albashi ya cinye kashi 70 cikin 100 na abin da gidan ke kashewa, to kowane iyali zai biya kusan kashi biyu bisa uku na albashin ma'aikaciya guda kafin gidan ya mayar da kuɗinsa, ba riba.

Don haka babu wani ɓoyayyen kuɗi da ake ci a mafi yawan ƙananan gidaje. Idan an ƙara albashi, kuɗin iyaye ya tashi. Idan an rage wa iyaye, ma'aikata ne suka biya da ƙarancin albashinsu. Hanyar fita ita ce wani na uku ya shigo da kuɗi, kamar yadda ake yi wa makarantar firamare.

Me ya sa hukuma za ta biya? Ba nauyin iyaye ba ne?

Tarbiyya nauyin iyaye ce, babu mai jayayya. Amma amfanin raino mai kyau ba a kan iyaye kaɗai yake tsayawa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata miliyan 606 da ke cikin shekarun aiki ba sa neman aikin kuɗi saboda hidimar kula da iyali, yayin da maza miliyan 41 ne kawai ke cikin wannan hali. Bankin Duniya kuma a 2021 ya ce fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran da ba su kai shekarun firamare ba, wato kusan miliyan 350, suna buƙatar raino amma ba su samu ba. Asibitin da ya rasa ma'aikaciyar jinya saboda ba ta da inda za ta bar ɗanta ya yi asara, haka ma baitulmali da ya rasa harajinta.

Akwai kuma alƙawuran da gwamnatoci suka riga suka ɗauka, kuma tunatar da su ya fi roƙo ƙarfi. Muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tanadi kula da ilimin yara kafin firamare ga kowa zuwa 2030. A taron UNESCO na Tashkent, babban birnin Uzbekistan, a Nuwamban 2022, ƙasashe sun amince su ƙoƙarta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin da ke gaban firamare.

An taɓa cin nasara a wani wuri, ko buri ne kawai?

An ci, kuma a wurare masu tsarin mulki daban-daban. Lardin Quebec na Kanada ya fara rainon dalar Kanada 5 a rana a 1997, bayan doguwar fafutukar ƙungiyoyin mata da na ƙwadago, kuma yawan iyaye mata masu aiki ya ƙaru a fili. A 2021 gwamnatin tarayyar Kanada ta ware har dala biliyan 30 na shekara biyar domin sauko da matsakaicin kuɗin raino zuwa dala 10 a rana. A jihar New Mexico ta Amurka, bayan fiye da shekara goma ana turawa, kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a Nuwamban 2022 da gyaran tsarin mulkin jihar don ɗebo ƙarin kuɗi daga asusun dindindin da ake ciyarwa da kuɗin mai da iskar gas. A Nuwamban 2025 jihar ta buɗe raino kyauta ga kowane iyali ba tare da duba samunsa ba.

Ta fuskar albashi, ƙasar Ailan ta kafa mafi ƙarancin albashi na musamman ga ma'aikatan raino a Satumban 2022, yuro 13 a awa, bayan gangamin da ƙungiyar ƙwadago ta SIPTU ta jagoranta. Ostireliya ta ɗauki nauyin ƙarin kashi 15 cikin 100 a mataki biyu, kashi 10 a Disamban 2024 da kashi 5 a Disamban 2025. Abin lura a duk waɗannan shi ne babu wanda ya zo cikin shekara ɗaya.

Mu kaɗan ne, kuma ba mu da kuɗi. Ta ina za mu fara?

Ku fara da mutum biyar zuwa takwas da za su iya zuwa taro a kai a kai, kuma a cikinsu a samu iyaye, ma'aikata da aƙalla mai gidan raino guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma taron mutum hamsin a zaman farko shi ma ba ya yanke shawara. Kafin kowane gangami, kowannenku ya zauna da mutum goma ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin zuwa talatin, ya saurara fiye da yadda yake magana: mene ne ya fi damun ki, me kika riga kika gwada, wa kika sani da ke cikin irin halin nan? A nan ne ake gane wanda ake jin maganarsa a tsakanin ma'aikata, kuma sau da yawa ba shi ne mai yawan surutu a taro ba.

Ku raba aiki da suna: mai riƙe jerin mambobi da lambobinsu, mai bin kalandar kasafin kuɗi, mai tattara bayanai, mai magana da 'yan jarida. Lokacin taro ma yana kashe ƙungiya ko ya raya ta. Ma'aikatan raino ba sa samun fita da rana, iyaye kuma ba sa samun fita da dare sai an tanadi mai kula da yara a wurin taron. Ƙungiyar da ke neman raino ta kira taro ba tare da raino ba, ta kori rabin mutanenta da hannunta. Taron da ya wuce awa ɗaya da rabi, ko wanda aka tashi ba a ba kowa aikin mako mai zuwa ba, da wuya a dawo na gaba.

Me ya kamata mu nema takamaimai?

"A inganta rainon yara" ba buƙata ba ce, domin kowane ɗan siyasa zai amince da ita ya tashi bai ɗauki nauyin komai ba. Buƙata ta gaskiya tana da abu huɗu: me ake so, nawa ne, wa ke da ikon sa hannu, kuma zuwa yaushe. Misali: a kasafin shekara mai zuwa, a ɗaga tallafin da ake biya kan kowane yaro zuwa ainihin abin da rainonsa ke ci, da sharaɗin wani kaso ya tafi ga albashi. Irin wannan ana iya amsa ta da e ko a'a.

Ku riƙe babban buri guda, kamar daidaita albashin mai raino da na malamin firamare mai irin takardunta, sannan ku zaɓi ƙaramar buƙata da za a iya samu cikin shekara ɗaya. Jihar Kentucky ta Amurka a 2022 ta ba ma'aikatan gidajen raino damar samun tallafin rainon 'ya'yansu ba tare da duba samunsu ba. Mataki ne ƙarami idan aka kwatanta da sauya tsari baki ɗaya, amma ya taimaka wajen riƙe ma'aikata, wasu jihohi kuma suka kwaikwaya. Nasara irin wannan ce ke sa mambobi su yarda cewa zuwa taro ba ɓata lokaci ba ne.

Wane bayani za mu tattara, kuma ta yaya?

Alƙaluman ƙasa baki ɗaya suna da kyau a gabatarwa, amma na mazaɓar ɗan majalisa su ne ke sa ya gyara zama. Ku shirya tambayoyi da ba su wuce goma ba ga gidajen raino: yara nawa lasisinku ya yarda, yara nawa kuke da su yanzu, ɗakuna nawa ke rufe saboda rashin ma'aikata, iyalai nawa ke jiran gurbi, ma'aikata nawa suka bar aiki cikin wata goma sha biyu kuma ina suka koma, nawa ne albashin farko, akwai hutun rashin lafiya da fansho ko babu. Tambayar ɗakunan da ke rufe ta fi kowacce ƙarfi, domin tana nuna cewa ƙarancin albashi shi ne ke hana iyaye samun gurbi.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko, haɗa jerin masu jira na gidaje daban-daban a kira shi adadin yara, alhali iyali ɗaya kan yi rajista a wuri uku. Abokin hamayya zai gano, kuma daga nan duk alƙalumanku sun zama abin zargi. Na biyu, rashin faɗin gidaje nawa aka tambaya da nawa suka amsa. Na uku, bayyana sunan ma'aikaciya ko hoton yaro ba da rubutaccen izini ba. Ma'aikaciya na iya rasa aikinta saboda magana ɗaya, don haka a ɓoye sunaye a rahoto sai wadda ta zaɓi fitowa da kanta.

Wanne ya fi: a ba iyaye tallafi, ko a ba gidajen raino kuɗi kai tsaye?

Tallafin iyaye yana da farin jini a siyasa, amma shi kaɗai ba ya ƙirƙirar gurbi kuma ba ya ɗaga albashi. Idan guraben sun yi kaɗan, ƙarin kuɗi a hannun iyaye na iya ƙarewa a ƙarin farashi. Kuɗin da ake ba gidaje kai tsaye shi ne ake iya ɗaura wa sharaɗi. Ailan ta haɗa nata da hana ƙara kuɗin iyaye, Ostireliya kuma ta ce duk gidan da ya karɓi kuɗin ƙarin albashi ba zai ɗaga farashi fiye da kashi 4.4 cikin 100 a shekarar farko ba.

Ko wanne aka zaɓa, ku sa ido kan yadda ake ƙayyade adadin. Hukumomi da yawa suna duba farashin kasuwa, wato abin da iyaye ke biya yanzu. Wannan farashi an riga an gina shi a kan ƙarancin albashi, kuma a unguwannin talakawa ya fi ƙasa, don haka tallafin da aka ɗora a kansa yana dawwamar da matsalar. Ku nemi a yi lissafi bisa ainihin abin da raino mai inganci ke ci, da albashin da kuke nema a cikinsa. Ingila misali ce ta abin da ke faruwa in ba haka ba: tun da aka faɗaɗa awannin raino kyauta da hukuma ke biya zuwa 30 a mako a 2017, masu gidajen ke kukan cewa abin da ake biyan su a awa bai kai abin da suke kashewa ba, sai su cike giɓin da kuɗin wasu hidimomi ko na ƙananan yara. Lissafin da ke amsa ta biyu a sama shi ne tushen wannan hujja.

Yaya za a tabbatar ƙarin kuɗin ya isa hannun ma'aikata?

Hanyoyi uku aka fi gwadawa. Ta farko, hukuma ta biya ma'aikaciya kai tsaye. Birnin Washington ya yi haka a 2022, inda cikakkun ma'aikata suka karɓi dala 10,000 ko 14,000 gwargwadon matsayinsu. Yana da sauri, kuma babu mai taɓa kuɗin a hanya, amma ba ya shiga ainihin albashi, kuma dunƙulallen kuɗi na iya fitar da mutum daga wani tallafin da yake samu. Ta biyu, a ba gidan kuɗi da sharaɗin bin jadawalin albashi, wanda birnin ya koma kansa daga baya. Wannan ya fi ɗorewa amma sai da binciken takardun albashi da hanyar kai ƙara a asirce. Ta uku, a kafa mafi ƙarancin albashi na sana'ar baki ɗaya ta hanyar doka ko yarjejeniya, kamar a Ailan.

Mafi ƙarancin albashi ba tare da kuɗin hukuma ba zai rufe ƙananan gidaje ko ya faɗa kan iyaye, kuɗin hukuma kuma ba tare da sharaɗi ba zai iya tafiya haya, bashi ko ribar masu hannun jari. Dole su tafi tare. Kada kuma a manta da tazara: idan aka ɗaga na sabuwar ma'aikaciya aka bar wadda ta shekara goma sha biyar a inda take, ƙwararrun ne za su fara tafiya. Masu dafa abinci, masu shara da masu cike gurbi su ma a rubuta su a fili, in ba haka ba sai an zo biya a ce ba su cikin lissafi.

Idan aka ce mana "daga ina kuɗin zai fito", me za mu ce?

Za a tambaya, don haka ku je da amsa ɗaya ko biyu. Jihar Vermont ta Amurka a 2023 ta kafa harajin kashi 0.44 cikin 100 a kan albashi, wanda masu ɗaukar ma'aikata ke biyan aƙalla kashi uku bisa huɗu nasa. Gwamna ya ƙi sa hannu, majalisa ta tsallake shi. Birnin Washington ya ƙara haraji a kan masu samun fiye da dala 250,000 a shekara. New Mexico ta dogara da asusun albarkatun ƙasa. Wasu wurare daga babban kasafi suke ware layi na musamman.

Abin gudu shi ne kuɗin wucin gadi da aka gina albashi a kansa. A 2021 Amurka ta ware dala biliyan 24 don tallabe gidajen raino bayan annobar korona. Gidaje da yawa sun ƙara albashi da shi, amma kuɗin ya ƙare a 30 ga Satumban 2023, aka bar su da zaɓin rage albashi ko ƙara wa iyaye. Idan kuɗin shekara ɗaya kawai ake iya samu, ku karɓa, amma a kashe shi a gini, gyara ko horo, ku ci gaba da neman tushe mai ɗorewa don albashi.

Yaushe ne lokacin da ya dace a matsa lamba?

Tun ma'aikatu na rubuta buƙatunsu, watanni kafin a kai kasafi majalisa. Kasafi yana da zango huɗu: shiryawa a ɓangaren zartarwa, muhawara da amincewa a majalisa, aiwatarwa, sannan binciken yadda aka kashe. Saka sabon layi a zango na farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin a majalisa duk ƙari sai an cire daga wani wuri. Ku nemi ranar da ma'aikatar kuɗi ke aika wa ma'aikatu takardar kiran buƙatu, da ranakun zaman jin ra'ayin jama'a, ku ƙirga baya daga nan. Lokacin yaƙin neman zaɓe kuma shi ne na karɓar alƙawari a rubuce daga duk 'yan takara, ba na jam'iyya ɗaya ba.

Yaya ake ganawa da ɗan majalisa har a samu wani abu?

Ku je ku uku zuwa biyar, duk 'yan mazaɓarsa: uwa ko uba, ma'aikaciya, mai gida, in da hali da wani mai ɗaukar ma'aikata da rashin raino ke shafar kasuwancinsa. Ku shirya kamar minti goma sha biyar kawai za a ba ku. Mutum ɗaya ya buɗe, biyu su ba da labarinsu cikin minti biyu-biyu, ɗaya ya kawo alƙaluma uku daga binciken da aka yi bayani a sama, na ƙarshe ya faɗi buƙatar ya yi shiru ya jira amsa. Shirun nan yana da muhimmanci; mutane da yawa kan cike shi da magana saboda kunya, sai ɗan majalisa ya tsira bai ce komai ba. Idan ya ce "ina tare da ku", a tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, za ka sa hannu a wannan gyara, ko za ka rubuta wa shugaban kwamitin kasafi?

Ku bar takarda mai shafi ɗaya, ba ƙunshi mai shafi arba'in ba. Idan mataimakinsa aka turo, kada ku ji an raina ku, domin shi ne yawanci ke karanta takardu yana rubuta masa bayani. Abin da ba ku sani ba ku ce za ku aiko, ku kuma aiko cikin kwana biyu. Gayyatarsa ya zo gidan raino da safe, lokacin da ake karɓar yara, ya fi kowane jawabi tasiri.

Masu gidajen raino abokan tafiya ne ko abokan hamayya?

A maganar neman kuɗin hukuma, abokan tafiya ne. A maganar yadda za a raba shi, buƙatu kan sha bamban, kuma ɓoye hakan ne ke fasa haɗaka a ƙarshe. Ku rubuta yarjejeniya tun farko: kowa zai goyi bayan ƙarin kuɗi da sharaɗin albashi tare, kuma ba za a hukunta ma'aikaciya don ta shiga ƙungiya ba. Ma'aikata su riƙa yin nasu zama daban, domin ba kowa ke iya faɗin albashinta a gaban mai biyan ta ba. A Dublin, babban birnin Ailan, a Fabrairun 2020, kwanaki kaɗan kafin babban zaɓe, dubban ma'aikata, masu gidaje da iyaye sun yi tattaki tare, kuma wannan haɗuwar ce ta sa maganar ta zauna a teburin gwamnatin da ta biyo baya.

Rufe gidajen raino na yini ɗaya yana aiki, ko iyaye kawai yake ɓata wa rai?

Yana aiki idan iyaye sun ji nasu ne. A Amurka ana yin irin wannan rana a watan Mayu tun 2022, a Ostireliya ma ma'aikata sun fita daga aiki a Satumban 2022. Ku sanar da iyaye makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, ku gayyace su su fito tare da ku, kuma ku tanadi wuri ga iyayen da ba su da yadda za su yi, kamar masu aikin asibiti. Ku bincika dokar ƙwadago da sharuɗɗan lasisi da na tallafi tukuna, domin yajin da bai bi ƙa'ida ba na iya jawo kora ko yanke kuɗi. Ba kuma a farawa da shi: takardar koke, ganawa da bayar da shaida a majalisa su fara, rufewa ta zo bayan an ga an yi biris, kuma a daidaita ta da kalandar kasafi.

Masu raino a cikin gidajensu, da waɗanda ba su da rajista fa?

A ƙasashe da dama su ne ke riƙe da mafi yawan yara, musamman na masu aikin dare da masu ƙaramin ƙarfi, amma su ake fara mantawa idan ana rubuta doka. Afirka ta Kudu ta nuna matsalar: tallafin rand 17 a rana kan kowane yaro ya daɗe bai motsa ba kafin kasafin 2025 ya tanadi ɗaga shi zuwa 24, kuma gidaje da yawa a unguwannin talakawa ba sa samun ko wannan, domin sharuɗɗan rajista na gini da takardun ƙaramar hukuma sun fi ƙarfinsu. Don haka ku nemi rajista mai matakai: a fara da abin da ya shafi lafiya da tsaron yaro, a ba da tallafi, sannan a taimaka a cika sauran.

Tunda ba su da ubangida guda da za su zauna da shi, hukumar da ke biyan tallafi ita ce abokiyar cinikinsu. Kalifoniya ta ba masu raino a gida 'yancin tattaunawa da jiha a ƙungiyance a 2019, suka zaɓi ƙungiyarsu a 2020. A Ahmedabad ta Indiya, ƙungiyar mata masu sana'ar kansu ta SEWA ta bi hanyar gamayya, inda mambobi ke tafiyar da gidajen rainon da kansu.

An ce a rage ƙa'idoji, kamar yawan yara ga kowace ma'aikaciya, sai farashi ya sauka. Mu yarda?

A raba ƙa'idojin biyu. Takardun da ake cikewa sau uku ga ofisoshi uku, da jinkirin lasisi, a rage su, ku ma ku kawo jerinsu. Yawan yara ga babba ɗaya kuwa maganar rai ce. Ingila ta sassauta na 'yan shekara biyu daga huɗu zuwa biyar a Satumban 2023, kuma masu gidaje da yawa sun ce ba za su yi amfani da shi ba. Ƙara wa ma'aikaciyar da ta riga ta gaji yara, kan albashin da bai canja ba, yana gaggauta tafiyarta, ɗakin kuma ya koma cikin jerin waɗanda ke rufe.

An amince da kuɗin. Aikinmu ya ƙare?

Amincewa daban, sakin kuɗi daban. Bayan doka akwai ƙa'idojin aiwatarwa da ma'aikatar gwamnati ke rubutawa, kuma a nan ake yanke wa ya cancanta, wane fom za a cike, da ko za a biya bisa yaran da suka yi rajista ko bisa waɗanda suka zo a ranar. Ku nemi biya bisa rajista, domin haya da albashi ba sa raguwa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ku nemi kujera a kwamitin sa ido, ku buƙaci rahoton kowane wata uku na abin da aka saki, ku kuma sake yin bincikenku bayan shekara guda da tambayoyi iri ɗaya don a ga ko masu barin aiki sun ragu.

Abin da aka ba ku ana iya janye shi. A 2024 daftarin kasafin birnin Washington ya zo babu kuɗin asusun albashin masu raino, sai da ma'aikata da iyaye suka cika zaman majalisar birnin kafin aka mayar da dala miliyan 70. Saboda haka a ci gaba da sabunta jerin mambobi, mai bin kalandar kasafi kuma ya rubuta ranar da za a fara shirya na shekara mai zuwa.